Albarkacin 'yan kati muke zama a shagon wasa

Wani matashi daga Kaduna ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan yana buga Dungeons & Dragons ta Discord, manhajar hira da murya a intanet, da abokan da bai taɓa gani ido da ido ba, littattafansa duka a waya suke, ga shi kullum yana jin Turawa a bidiyo suna roƙon a tallafa wa shagon wasa na unguwa. Shi ne yake so ya ji ko shagunan nan suna da sauran amfani, ko kuwa kewar zamanin da ce kawai ke damun tsofaffin 'yan wasa. In kuma suna da amfani, ko ya dace ya fara tunanin buɗe irinsu a gida.

To ƙanena, na gode da tambaya. Na yi shekara uku ina tsaron irin wannan shago a wani gari a arewacin Ingila lokacin da nake karatu, ranakun Asabar da daren Laraba, kuma yau fiye da shekara goma ina jan labari a tebur. Don haka abin da zan faɗa maka daga bayan kanta na gan shi, ba daga bidiyo ba. In sayen littafi ake magana, shago ya daɗe da shan kaye, kuma ba na jin zai farfaɗo. In kuwa maganar inda baƙo zai sami kujera ce, har yau ban ga abin da ya maye gurbinsa ba. Matsalar ita ce abin da ya fi amfani a shagon ba shi ne ke biyan kuɗin haya ba.

Saboda masu karatu da ba su san wasan ba, bari in ɗan yi bayani. Ka ɗauka tatsuniya ce, amma masu sauraro ba "ta zo mu ji ta" kaɗai za su ce su yi shiru ba. Kowa yana da jaruminsa a cikin labarin, da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan da ke jakarsa. Jagora, wato mai jan labarin, ya ce kun iso bakin wata tsohuwar rijiya da magariba, kuna jin kuka daga ciki, me za ku yi? Wani ya ce zai zura igiya ya sauka. Sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska 20, a ga ko igiyar ta riƙe shi. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cinye wani. Mutum huɗu ko biyar, awa uku ko huɗu, labarin kuma yana iya zama mai dogon zango har a shekara ana yinsa.

Da farko shago shi ne komai. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, kwafi 1,000 kacal kamfanin TSR ya buga a ɗan garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, ƙananan littattafai uku a kwali, dala 10. Ta gidan waya ake sayarwa, sai kuma shagunan da ke sayar da 'yan sojojin dalma da jiragen ƙasa na wasa. A Ingila wasu samari ne suka kafa Games Workshop a 1975, suka sami izinin shigo da wasan Turai, suna aika wa mutane daga ɗakin haya a Landan. Akwai lokacin da biyu daga cikinsu, Ian Livingstone da Steve Jackson, a cikin mota suke kwana saboda rashin wuri. Sai a 1978 suka buɗe shagonsu na farko a Hammersmith. A wancan zamani in kana son sanin sabon abin da ya fito, shago za ka. In kana neman abokan wasa, akwai allo kusa da ƙofa da ake manna 'yan takardu: ana neman mutum biyu, daren Alhamis, ga lambar waya. Na tarar da ragowar irin wannan allo a shagonmu, takardun har sun yi jawur, ba wanda ya damu ya cire.

Ka lura da inda Games Workshop ta ƙare. Yau tana da shaguna fiye da 500 a duniya, hedikwatarta a Nottingham, amma ba za ka shiga ko ɗaya ka sami littafin Dungeons & Dragons ba. 'Yan mutum-mutumin Warhammer nata take sayarwa, da fenti da buroshi. Kamfanin da ya kawo wasan labari Ingila tun tuni ya gane ba a nan kuɗi yake ba. Wannan shi ne darasin farko da na koya a bayan kanta, kuma mai shagon bai taɓa faɗa mini da baki ba, lissafin dare ne ya koya mini.

Ga yadda lissafin yake. Ina shagon lokacin da bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya fito a 2014. A lokacin, a Amurka farashin da ke bangon littafin ɗan wasa dala 49.95 ne. Mai shago ba daga kamfani yake saye kai tsaye ba, daga babban dila yake sara, kuma abin da yake biya ya ɗan haura rabin farashin bango. Amazon kuwa a lokacin sau da yawa tana sayar da littafin nan a wajen dala 30, ta kawo maka har ƙofa. Wato kuɗin da take sayar maka ya kusa da wanda mai shago ya saro. Da me zai yi gasa? Haka abin yake a fam. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na tsaya rabin awa ina yi wa mutum bayanin bambancin wannan wasa da wancan, na buɗe masa shafuka, na nuna masa yadda ake cike takardar jarumi, ya yi godiya sosai, ya ɗauki hoton bangon da wayarsa ya fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da farko abin yana ƙona mini rai. Daga baya na tuna ni ma ɗalibi ne, kuma na san abin da fam 15 ke yi a cefanen mako.

Ko da a shago aka saya, wasan labari ba ya kawo ciniki, saboda yanayinsa. Mutum biyar a tebur, jagora ne kaɗai ke buƙatar littattafai uku, sauran su yi aro. Littafi ɗaya kuma ya isa a shekara goma ana wasa da shi, bugun 2014 sai a 2024 aka sake masa sabon zubi. Su zo su mamaye tebur daga shida zuwa goma na dare, abin da za su saya bai wuce lemo huɗu da fakitin dayis ɗaya ba, shi ma sai in wani ya yi fushi da nasa ya ce ba su da sa'a. Littattafan ƙananan kamfanoni kuwa, in mai shago ya saro kwafi uku, ɗaya ya fita a makon farko, biyu su yi kwantai har bangonsu ya koɗe. Jari ne ya kwanta, kuma yawanci dila ba ya karɓar kaya a mayar.

Yanzu dubi teburin da ke kusa da su daren Juma'a. Mutum takwas suna wasan kati na Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. A salon da aka fi yi a shago, kowannensu sai ya sayi sababbin fakiti uku kafin a fara, fakiti 24 ke nan a zama ɗaya, mako mai zuwa kuma a sake. Sabon jerin katuna yana fitowa sau da yawa a shekara. Ga cinikin kati ɗaiɗai, mai shago ya saya hannun wannan ya sayar wa wancan, a nan ne ribar ta fi kauri. Ga yaran Pokémon da Yu-Gi-Oh! ranar Asabar da iyayensu. Kuɗin kati ne ya ba Wizards ƙarfin sayen TSR a 1997 lokacin da bashi ya durƙusar da ita, kafin Hasbro, babban kamfanin kayan wasa, ta haɗiye Wizards ɗin a 1999. Hasbro ta sanar cewa cinikin Magic ya haura dala biliyan 1 a shekarar 2022. Saboda haka in ka ga 'yan wasan labari sun baje a shago mai ɗumi da haske, ka sani albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Mu ne ƙadangaren. Ni dai ban taɓa sakin jiki da cinikin fakitin nan ba, domin biyan kuɗi kan abin da ba ka san me ke ciki ba, da fatan ka dace da kati mai tsada, yana da ƙanshin caca, kuma na ga yara sun ƙarar da kuɗin makarantarsu a kai. Amma da shi aka biya ni albashi, da shi kuma aka kunna wutar da muke wasa a ƙarƙashinta.

Daga ɗaya ɓangaren kuma intanet ta zo ta kwashe sauran ayyukan shago ɗaya bayan ɗaya. Littafi ya koma PDF a DriveThruRPG, har wanda aka daina bugawa shekara talatin da suka wuce. Tebur ya koma Roll20 tun 2012, daga baya Foundry ta shigo a 2020. Murya ta koma Discord. Koyon wasa ya koma kallon irin su Critical Role, da suka fara watsa wasansu a 2015, mutane da yawa a nan suka fara ganin yadda ake yi. Kamfanin da ya mallaki Dungeons & Dragons (D&D) da kansa ya fi son ya sayar maka kai tsaye, shi ya sa Hasbro ta biya dala miliyan 146.3 ta sayi D&D Beyond, shafin da ke sayar da littattafan wasan a intanet, a 2022. Masu sababbin wasanni kuma sun koma karo-karo a Kickstarter, inda masoya ke biya tun kafin a buga. Kamfanin Magpie Games ya tara sama da dala miliyan 9 ta wannan hanya a 2021 kan wasa ɗaya. Ka yi tunanin mai shago a nan: duk masu ɗokin wasan sun riga sun biya, an aika musu har gida, sannan a zo a ce masa ya sari ragowar ya ajiye a kanta. Wa zai sayar wa? Ka san irin wannan a gida. Ina shagunan hayar littattafan Hausa da kaset-kaset da ke kowane lungu a Kano da Kaduna? Marubuta sun koma WhatsApp da Wattpad, masu karatu suka bi su.

To in haka ne me ya rage? Bari in ba ka labarin yadda ni na shiga harkar, domin a nan amsar take.

Na iso Ingila cikin kaka, ban san kowa ba sai 'yan ajinmu da wasu 'yan Najeriya biyu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Ƙarfe huɗu duhu ya yi. Duk wata hulɗa da 'yan ajin za su yi, a mashaya ake yinta. Na je sau biyu na zauna da lemo a hannu kamar wanda aka aiko, na ga ba wurina ba ne. Wata Laraba ruwa ya tare ni a bakin wani shago, na shiga fakewa. Can ciki wasu mutum biyar sun kewaye tebur, wata mata mai furfura tana magana da muryar tsoho tana buga tebur, sauran suna ta dariya. Na tsaya ina kallo kamar ɗan ƙauye. Mai shagon bai tambaye ni me zan saya ba. Cewa ya yi mutum ɗaya bai zo ba, ko zan riƙe masa jaruminsa na daren nan? Aka turo mini kujera da takarda da fensir da aron dayis. A lokacin Wizards tana da wani shiri na daren Laraba a shaguna mai suna D&D Encounters, wanda aka tsara don duk wanda ya shigo ya iya zama, daga baya aka maye shi da Adventurers League. Ban fahimci rabin abin da ake yi ba. Na dai tuna an ce in jefa, na jefa 3, jarumin ya faɗa rami, aka kwashe da dariya har da ni. Da lokacin isha ya yi na tambaya a kunyace ko akwai inda zan yi salla. Mai shagon ya kai ni ɗakin ajiya, ya ture kwalaye biyu da ƙafa, ya ce in dai ban damu da ƙura ba. Shekara uku a tsakanin kwalayen nan nake salla, har ya ajiye mini wani yankin kwali da ya zama dardumata.

Abin da shago ke yi ke nan, kuma ba ya cikin lissafin dare. Wasan labari yana buƙatar mutum huɗu ko biyar su amince da juna har su yi muryoyin ban dariya a gaban juna. Wanda yake da irin waɗannan abokai ba ya buƙatar shago, falonsa ya ishe shi. Amma wanda bai da su fa? Ba za ka gayyaci baƙi huɗu daga intanet zuwa gidanka ba, kai ma ba za ka je gidan wanda ba ka sani ba. Mu Hausawa mun fi kowa gane wannan, shi ya sa muke da zaure. Baƙo ba ya zarcewa cikin gida, kuma ba a barinsa a titi. Shagon wasa zaure ne. Kowa yana iya shigowa, kowa yana iya tashi ba tare da ya ba da uzuri ba, kuma akwai mai wuri da ke sa ido. Na ga wani uba yana kawo 'yarsa mai shekara goma sha huɗu duk Asabar, ya zauna gefe da jarida har a tashi. Da a gidan wani ake yi ba zai bari ba, kuma yana da gaskiya. Da yawa daga ƙungiyoyin wasa a Ingila da ba su da shago a ɗakin saman mashaya suke haɗuwa, ka ga an riga an rufe wa yara ƙofa, da irina.

Akwai kuma aikin mai shago nagari, wanda na fi kamanta shi da na dillalin aure. Ya san wannan yana son faɗa da dodanni, wancan yana son surutu da siyasar fada, kuma in aka haɗa su tebur ɗaya ba za a kai mako uku ba. Ya san jagoran da ke da haƙuri da sababbi. Ya san wanda za a ja gefe a ce masa ya rage katse mutane. Shi ne ya fara ce mini in ja labari, ni kuwa ina ta noƙewa saboda harshena. Ya ce masu sauraro ba lafazi suke bi ba. Labarin farko da na ja, na ɗauko Gizo na sa masa wata riga, Turawan nan suka yi wata biyu suna fama da makircinsa ba su san daga ina ya fito ba.

Kada ka ɗauka duk shago haka yake. Na shiga wasu da na yi da-na-sanin shiga. Akwai wani a wani gari da na je ziyara: ina buɗe ƙofa hira ta tsaya cak, mutum shida suka juyo suna kallona, mai wurin bai ɗago kai daga kwamfuta ba, ga wani wari na ɗakin da ba a buɗe taga. Na zaga sau ɗaya na fita. Mata da yawa da na yi wasa da su suna da labarin da ya fi wannan muni, daga wanda zai yi musu jarrabawa don ya ga ko da gaske sun san wasan, zuwa wanda ba ya jin a'a. Irin waɗannan shaguna sun kori mutane daga harkar fiye da yadda suka shigo da su, kuma in sun rufe ba na zubar da hawaye. Shi ya sa kiran nan na a tallafa wa shagon unguwa ba na karɓarsa a dunƙule. Ba sadaka ba ce. Wanda ya share wuri, ya tari baƙo da fara'a, ya hana cin zarafi, ya cancanci in biya shi fam 10 sama da farashin Amazon, kuma ina biya. Wanda bai yi ba, ba ya bina bashi don kawai yana unguwarmu.

Game da wasanka na Discord, ba zan raina shi ba, domin ni ma ya cece ni. A watan Maris na 2020 da aka kulle gari saboda korona, Wizards ta dakatar da wasanni a shaguna, duk muka koma kwamfuta. Teburina bai watse ba saboda haka, har wani da ya koma Kanada ya ci gaba da zuwa. Kai da kake Kaduna, ba don intanet ba da ba ka ma san wasan ba. Sai dai akwai abin da na lura. A intanet mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, don haka raɗar gefe ta mutu, irin wadda biyu za su ƙulla makirci jagora yana can yana fama da na uku. Ba ka ganin lokacin da idon mutum ya fara lumshewa don ka san labarin ya yi sanyi. Kuma ficewa ba ta da wuya. Wanda kuka haɗu a intanet yana iya ɓacewa ba sallama, ba zai taɓa cin karo da kai a kasuwa ya ji kunya ba. Teburan intanet da na ga sun daɗe, yawancinsu mutanen sun riga sun san juna a fili. Da aka buɗe gari, abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda suka koyi wasan a kulle su ne suka fi ɗokin zuwa shago. Sun shekara suna danna maɓalli, suna so su ji dayis a tafin hannu.

Ƙananan masu wallafa suna tsaka mai wuya a wannan magana. Ta dila, abin da ke isa hannunsu bai fi kashi 40 cikin 100 na farashin bango ba, daga ciki za su biya ɗab'i. Ta PDF ko karo-karo sun fi samu. Amma a intanet abin da ka riga ka sani kake nema, ko abin da injin ya ga ya yi kama da wanda ka saya jiya. A kanta kuwa hannunka kan faɗa kan abin da ba ka zo nema ba. Call of Cthulhu, wanda Chaosium ke fitarwa tun 1981, haka na gamu da shi, ina goge ƙura. Shi ya sa wasu kamfanoni suka haɗu a wani tsari mai suna Bits and Mortar, in ka sayi littafinsu a shago a ba ka PDF kyauta. Akwai kuma Free RPG Day da ake yi tun 2007, rana ɗaya a shekara da ake raba ƙananan littattafai kyauta a shaguna kaɗai. Wizards ma takan buga wasu littattafanta da bango na musamman wanda sai a shagon wasa ake samu. Duk waɗannan dabaru ne na jawo ƙafa zuwa ƙofa, kuma suna nuna kamfanonin sun san in zauren ya rushe, sababbin 'yan wasa za su ragu. Ba su dai kai su riƙe shago ba. Shekarar 2025 ma ta zo da nata: a watan Janairu kamfanin Diamond, uwar Alliance, ɗaya daga manyan dilolin wasanni a Amurka, ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, a watan Afrilu kuma harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100 na wani ɗan lokaci, alhali yawancin dayis da kwalaye da 'yan mutum-mutumi can ake ƙera su.

Shagunan da na ga sun tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka daina yaudarar kansu, suka fara sayar da abin da mutane ke zuwa dominsa, wato kujera. Snakes & Lattes a Toronto ta buɗe gidan shayi na wasa a 2010, Draughts ta buɗe a Landan a 2014, yanzu manyan garuruwa da yawa suna da irinsu. Ka biya kuɗin zama, ka sayi shayi da abin taɓawa. Shagon da na yi aiki ma daga baya ya sa fam 3 kan kowane mutum, ana cire maka daga abin da ka saya. An yi gunaguni, wasu tsofaffin kwastomomi suka yi yaji na wata ɗaya, suka dawo. Wasu shagunan har biyan jagora suke yi ya ja wa sababbi labari, abin da a da za a ɗauka abin kunya ne. Ni ina ganin daidai ne. Shirya zama ɗaya yana cin awa biyu ko uku kafin a zauna.

Sai batun buɗe naka. Kada ka fara da shago. Littafin dala 50, ka juya shi zuwa naira, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, ka gaya mini mutum nawa za su saya a Kaduna. Kuma ba ka da 'yan katin da za su biya maka haya. Amma ba wai ba a taɓa yi a ƙasar ba. A Abuja Kenechukwu Ogbuagu ya kafa NIBCARD Games, yana ƙera wasannin tebur a gida, ya buɗe gidan wasa, yana shirya taron African Boardgame Convention, har aka ba kamfanin kyautar Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a wannan fage. Ka lura ba da jera littattafan waje a kanta ya fara ba, da tara mutane ya fara. In hanya ta kai ka Abuja ka leƙa, gani ya kori ji.

Abin da kake buƙata tebur ne da rana tsayayya. Wurin zama kuwa ba mu da ƙarancinsa, mu da muke da majalisa a kowace ƙofar gida, da 'yan dara a gindin bishiya, da masu ludo da Whot a teburin mai shayi. Nemi wani gidan abinci ko ɗakin karatu ko harabar makaranta da ke zama fayau ranar Asabar da hantsi, ka yi magana da mai wurin cewa mutum shida za su riƙa zuwa suna sayen lemo. Dokokin farko na Dungeons & Dragons kyauta ne, tun Janairun 2023 ma an saki ginshiƙinsu ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa izinin amfani da su, bayan rigimar da aka yi da kamfanin, don haka ba wanda zai hana ka fassara abin da kake buƙata zuwa Hausa. Dayis saiti ɗaya ya ishi tebur, in babu akwai manhaja a waya. Marfin kwalba ya isa jarumi, bayan kalanda ya isa taswira. Fara da labarin zama ɗaya, wanda za a gama kafin azahar, don wanda ya zo yau kaɗai ya tafi da ƙarshen labari.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: duk wanda ya hango matasa sun kewaye tebur suna jefa dayis, caca zai fara kawowa a ransa, kuma akwai malaman da ke ƙyamar wasa da dayis ko ba kuɗi. Amurka ma ta sha irin wannan a shekarun 1980, lokacin da aka yi ta yayata cewa wasan tsafi ne. Kada ku ɓuya a ɗaki. Ku zauna inda ake ganinku, kada kuɗi ya hau tebur ko na lemo ne, ku tashi in an kira salla. In dayis ɗin ne matsala, rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu ka zuba a hula a riƙa zara, lissafin ɗaya ne. Ka kuma ajiye kujera ɗaya da takardar jarumi da aka riga aka cike, da fensir, saboda wanda zai tsaya daga nesa yana leƙe. In kun yi wata shida ba ku fasa Asabar ba, har kun kai tebur biyu, rubuto mini mu yi lissafin haya.